Yadda Za Ka Zaɓi Batirin Jirgin Ruwa, Ka Kuma Yi Masa Cajin Da Zai Daɗe

Masu jirgi da yawa, daga bakin kogi a Yawuri har zuwa Baga, idan suna son fitila da cajin waya a kan ruwa, batirin mota suke saya, sabo ko na hannu, su ɗaura masa waya biyu. Watan farko lafiya lau. Kafin damina ta fita sai fitila ta fara yin ja tun tsakar dare. A kai batir wajen mai caji ya kwana, a dawo da shi, ko awa biyu bai yi ba ya sake saki. Daga nan sai a ce jabu aka sayar wa mutum. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa ƙalau, aikin da aka ɗora masa ne ba nasa ba.

An ƙera batirin mota ne don ya ba da wuta mai ƙarfin gaske ta daƙiƙa biyu ko uku, inji ya tashi, nan take altaneta ta mayar masa da ɗan abin da ya fitar. Shi ya sa farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa. Idan ana tatsarsa har ƙasa kowane dare, jikin farantan sai ya riƙa marmashewa yana taruwa a gindin batir, har ƙarfinsa ya ƙare. Batirin dogon aiki kuwa, wanda za ka ga an rubuta Deep Cycle a jikinsa, farantansa masu kauri ne. Ba ya ba da wuta da zafin nama kamar na mota, amma yana jure a ja shi a hankali awa da awanni, a cika shi, gobe a sake, sau ɗaruruwa. Shi ne na fitila, da famfon kwashe ruwa, da rediyo, da firijin ajiye kifi, da ƙaramin injin lantarki mai tura jirgi.

Akwai magana ɗaya da nake so ta zauna maka tun kafin mu shiga lissafi. Kada ka sayi batirin da ba ka da hanyar cika shi. Mutane suna auna girman batir da abin da za su kunna, su manta da abin da zai mayar masa da wutar. Babban batir da kullum yake zaune rabi-rabi zai riga ƙarami mai cika kullum mutuwa, ga kuɗinsa ninki biyu.

Mataki na farko: ka san abin da kake ci a dare ɗaya

A jikin batir za ka ga lamba da haruffan Ah, misali 100Ah. Wannan ita ce yawan wutar da yake ɗauka, ma'ana amfiya, wadda ita ce ma'aunin wutar da ake ja a lokaci guda, a ninka ta da awanni, kuma galibi an auna ta ne a kan awa 20. Wato batir mai 100Ah zai ba da amfiya 5 har tsawon awa 20 kafin ya sauko bolt 10.5, inda ake lissafa shi a matsayin fanko. Idan ka ja shi da ƙarfi, a ce amfiya 50, ba zai kai awa biyun da lissafi ya nuna ba. Haka batirin dalma yake, gwargwadon saurin jan da aka yi masa, gwargwadon raguwar abin da zai bayar.

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da kake kunnawa. Idan wat aka rubuta a jikin kayan, raba shi da 12, ka sami amfiya, sannan ka ninka da awannin da yake a kunne. Ga misalin jirgin masunci mai kwana a ruwa. Ƙwai biyu na LED masu wat 10 kowanne, awa 6, sun ci 10Ah. Fitilar haska gaba mai wat 36, awa 2, ta ci 6Ah. Famfon kwashe ruwa mai amfiya 4, idan aka tara duk aikinsa ya kai awa ɗaya da rabi, 6Ah ke nan. Wayoyi biyar na abokan aiki, kimanin 6Ah. Rediyo mai cin amfiya 1, awa 4, 4Ah. Jimla 32Ah. Ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu saboda daren da iska za ta taso famfo ya yi ta aiki, sai ka sami 40Ah.

To, ba batir mai 40Ah za ka saya ba. Batirin dalma ba a son a wuce rabinsa, don haka sai ka ninka biyu, 80Ah, ka ɗauki mai 100Ah ka huta. Idan litiyom ne, ana iya cin kashi 80 cikin ɗari ba tare da cutarwa ba, mai 50Ah ma ya isa. Firiji shi ne mai rusa lissafi, domin ƙarami mai bolt 12 yana iya cin 30Ah zuwa 50Ah a yini ɗaya na zafi. Injin lantarki mai tura jirgi ya fi shi, matsakaici a cikinsu yana jan kusan amfiya 50 idan aka buɗe shi gaba ɗaya.

Injinan Yamaha Enduro da yawa da ake gani a kogunanmu da igiya ake tada su, ba ruwansu da batir. Amma idan naka na makulli ne, ka ware masa nasa batirin na tada inji, kada ka haɗa shi da na fitila sai ta makunnin da ke raba su. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne asuba ta yi maka a tsakiyar tafkin Kainji ka murɗa makulli ka ji shiru saboda rediyo ta kwana a kunne.

Mataki na biyu: da me za ka mayar da wutar?

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Abin da ka ci 40Ah ne, amma batirin dalma ba ya riƙe duk abin da aka zuba masa, sai ka mayar da wajen 46Ah kafin ya koma yadda yake.

Wasu suna dogara da injin jirgin. Ƙananan injina masu rataya a bayan jirgi koyil ɗinsu na wuta bai fi ya ba da kimanin amfiya 6 ba, shi ma sai an taka inji sosai, kuma sai an sa masa raktifaya mai juya wutar ta zama irin ta batir. Tafiyar awa biyu, 12Ah ke nan in an yi sa'a. Taimako ne, amma ba zai cika maka batir ba.

Sola ita ce ta fi dacewa da mai aikin dare, tunda jirgi yana wuni a ɗaure a bakin ruwa rana tana dukansa a banza. Fanel mai wat 100 a irin ranarmu yana iya ba da 25Ah zuwa 30Ah a yini mai haske. Ga misalinmu na sama ke nan sai wat 200. Ranar hadari da lokacin hazon hunturu abin yana raguwa, kuma ƙurar da ke kwanciya a gilashi kaɗai tana cinye rabo mai yawa, don haka tsumma da ruwa kowace safiya suna cikin aikin caji.

Idan a gari kake kwana, akwai wutar nepa ko janareta, to caja mai kwamfuta a ciki, wadda take canza mataki da kanta, ita za ka nema. Girmanta ya zama kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na Ah ɗin batir. Mai 100Ah yana son caja mai amfiya 10 zuwa 20. Da mai amfiya 10, batirin da ya sauko rabi zai ɗauki awa 7 zuwa 8 kafin ya cika da gaske. Tambayi kanka tsakani da Allah, kana samun wutar awa takwas a jere? In ba ka samu, ko ka ƙara girman caja, ko ka haɗa da sola, ko ka rage abin da kake kunnawa.

Mataki na uku: wane iri?

Mai ruwa, wanda ake buɗe murafunsa a ƙara masa ruwa, shi ya fi araha, kuma ya fi haƙuri da caja marar kyau, don ruwan da ya ƙone kana iya mayarwa. Aibinsa yana zuba idan jirgi ya karkata, yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, kuma yana son kulawa. Dogayen baturan tubula da ake sa wa inbata a gidaje suna cikin wannan dangi, kuma gwanaye ne wajen jure tatsa. Sai dai mai 200Ah yana kai kilo 60, ga tsawo, ga murafun da ba a yi su don girgiza ba. A babban jirgin dako mai shimfiɗaɗɗen ciki za su yi, in an ɗaure su da kyau. A siririn kwale-kwale ban ba ka shawara ba.

Wanda aka rubuta AGM a jikinsa shi ma na dalma ne, amma a rufe yake, ruwansa yana jiƙe a cikin wani abu mai kama da audugar gilashi tsakanin faranti. Ba ya zuba, yana jure girgiza, yana karɓar caji da ɗan sauri. A ganina shi ya fi dacewa da ƙaramin jirgi, da sharaɗi ɗaya, wato kana da cajar kirki. Idan aka dafa shi da caji ruwansa ya bushe, babu murfin da za a buɗe a ƙara. Na jel ma na dalma ne, a rufe yake, yana jure zafi da doguwar tatsa, amma ya fi kowa saurin ɓaci idan bolt ɗin caji ya yi yawa.

Sai litiyom. Wanda ake nufi a nan shi ne mai rubutun LiFePO4, ba irin na waya ko na kwamfuta ba, kuma ya fi su aminci wajen kama wuta nesa ba kusa ba. Mai 100Ah bai fi kilo 12 zuwa 13 ba, alhali na dalma mai wannan girma yana kusan kilo 30. Masu ƙera shi suna rubuta cewa yana jure caji da saukewa sau 2000 zuwa sama da 4000. Babban alherinsa ga mai jirgi shi ne bai damu ba ko an bar shi rabi-rabi, abin da yake kashe na dalma. Yana da tsada, kuma a cikinsa akwai allon lantarki da ake kira BMS mai tsaron lafiyarsa, wanda ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. In za ka saya, nemi mai rufaffen akwati wanda aka rubuta IP65 ko IP67, alamar da ke nuna yana hana ruwa shiga.

Mataki na huɗu: a gaban mai shago

Je da mitarka ta auna bolt. Ba ta da tsada, kuma duk wanda zai mallaki batir ya kamata ya mallake ta ya iya karanta ta. Sabon batirin dalma da ke zaune a shago ya kamata ya nuna 12.5 ko sama. Idan ya nuna 12.2, ya daɗe a ajiye babu caji, lalacewa ta riga ta fara a ciki ko da kwalinsa na ƙyalli. Duba ranar ƙira da ake bugawa a murfi ko a gefe, ka guji wanda ya haura wata shida.

Sannan ka ɗaga shi, in da sikeli ka ɗora. Ƙarfin batirin dalma a dalmarsa yake, dalma kuwa nauyi gare ta. Idan an rubuta 100Ah amma ka ga kilo 20 ne, takardar da aka manna ce kawai ta kai ɗari. Wannan gwaji ya fi duk rantsuwar da za a yi maka.

Akwai baturan hannu da ake cirowa daga turakun kamfanonin waya, dogaye masu kawuna a gaba. Asalinsu masu kyau ne, amma an ƙera yawancinsu ne don su zauna cike suna jiran ɗaukewar wuta, kuma ba a cire su sai sun tsufa. Bolt ɗinsu yana iya nuna 12.7 alhali cikinsu rabi ne. In dole sai su, yi sharaɗin gwaji da mai kaya. Ka cika batirin, ka jona masa ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55, wanda yake cin kusan amfiya 4.5, ka bar shi awa 11. Ka cire ƙwan, batir ya huta awa uku ko huɗu, ka auna. Mai 100Ah na gaske zai nuna wajen 12.1 zuwa 12.2. Idan ƙwan ya dushe kafin lokaci, mayar masa da kayansa. Araha ba ta ado.

In batir biyu za ka haɗa, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekara ɗaya. Ja da ja, baƙi da baƙi, bolt yana nan 12, Ah ya ninka. Jan wannan da baƙin wancan, bolt ya koma 24, Ah bai canza ba. Sabo da tsoho in aka haɗa, tsohon ne zai ja sabon ƙasa.

Mataki na biyar: mazauninsa a cikin jirgi

Sa shi a akwatin roba mai murfi da 'yan ƙofofin iska, ka ɗaga shi a kan katako sama da inda ruwa yake taruwa, ka ɗaure da igiya ko bel yadda ko jirgi ya yi tsalle ba zai motsa ba. Ya kasance a inuwa. Zafi maƙiyin batirin dalma ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage masa rabin kwana. Mu da muke ganin sama da digiri 40 daga Maris zuwa Mayu ba mu da ikon canza yanayi, amma muna da ikon hana rana dukan baƙin akwati kai tsaye.

Nesa da jarkar fetur. Wannan ba abin wasa ba ne. Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda take kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar wurin, ga tururin fetur da yake kwanciya a ƙasan jirgi saboda ya fi iska nauyi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Saboda haka al'adar nan ta goga waya a kawunan batir don a ga ko akwai wuta, a daina ta, ga mita nan. Kuma ba a shan taba a kusa.

Sa fiyus a jan waya, dab da kan batir, kada ya wuce santimita 18, wanda shi ne ma'aunin hukumar ABYC mai tsara ƙa'idojin wayarin jiragen ruwa a Amurka. Batir mai 100Ah idan wayoyinsa suka haɗu yana iya mayar da waya jajir cikin daƙiƙoƙi, jirgin katako kuwa ka san sauran. Wayar ta zama ta jan ƙarfe na gaske, mai silli da yawa, mai kauri. Don amfiya 10 a nisan mita biyar, kada kaurinta ya gaza na wadda aka rubuta wa 4mm², domin siririyar waya tana shanye bolt a hanya. Ka bar amfani da maƙalai masu baki irin na kada, ka sa kan waya mai zobe ka ɗaure da noti, ka shafa bazilin. Wajen jonawa ja ne farko, wajen cirewa baƙi ne farko.

Mataki na shida: cajin kansa

Cika batirin dalma kamar ɗura ruwa a jarka ne. Da farko kana kwarara yadda kake so, amma idan ya kusa wuya dole ka rage hannu, in ba haka ba ya yi ambaliya jarkar kuma ba ta cika ba. Caja mai kyau tana bin matakai uku. A na farko tana ba da duk amfiyar da take da ita, bolt yana hawa a hankali, har batir ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari. A na biyu sai ta tsayar da bolt wuri ɗaya, amfiya ta riƙa sauka da kanta. A na uku, bayan ya cika, sai ta sauko da bolt zuwa tsakanin 13.2 da 13.8 don ta riƙe shi kawai.

Mataki na biyun nan shi ne wanda ake yawan yankewa, kuma shi ne rayuwar batir. Yana ɗaukar awa biyu zuwa huɗu, mutum yana ganin kamar ba abin da ke faruwa, sai ya kashe janareta don tattalin mai. Ga abin da yake faruwa a ciki. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin gishiri mai suna salfet yana kwanciya a kan faranti. Cikakken caji yana narkar da shi ya koma cikin ruwan. Wanda aka bari ya kwana biyu sai ya daskare ya yi tauri, ba ya ƙara narkewa, wannan yanki na farantin ya tashi aiki ke nan. Yau kaɗan, gobe kaɗan, cikin 'yan watanni batir mai 100Ah ya koma 60Ah. Saboda haka ka sa shi a caji da zarar ka fito daga ruwa, kada ka ce sai gobe. In ba zai yiwu ya cika kullum ba, aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako ka bar shi ya cika har ƙarshe.

Bolt ɗin mataki na biyu ya danganta da irin batir. Mai ruwa yana son 14.4 zuwa 14.8, AGM 14.4 zuwa 14.7, jel 14.0 zuwa 14.2, litiyom 14.2 zuwa 14.6. Idan kamfanin ya buga nasa a jikin batirin, nasa za ka bi. A jikin caja ko kwantirolar sola, wato na'urar da ake sawa tsakanin fanel da batir, akwai inda ake zaɓar nau'in batir, ka tabbata ka zaɓi naka, kada ka bar shi yadda ya zo daga kwali.

Waɗannan lambobi na batirin dalma an tsara su ne a kan digiri 25. Ga kowane digiri ɗaya sama da haka, ana rage kimanin bolt 0.02 zuwa 0.03. Batirin da jikinsa ya kai digiri 40 ke nan sai a rage masa 0.3 zuwa 0.45, mai son 14.7 ya koma wajen 14.3. Abin yana kama da ƙarami, amma shi ne bambancin AGM ɗin da ya yi shekaru da wanda ya kumbura a bazara ɗaya. Cajoji da kwantiroloji masu kyau suna zuwa da 'yar waya mai jin zafi da ake mannawa a jikin batir, su yi wannan gyara da kansu. In taka tana da ita, ka manna. Idan ka taɓa batir ka ji hannunka ba zai iya zama a kai ba, tsayar da caji.

Ta yaya za ka san ya cika? Idan bolt yana tsaye a na mataki na biyu, amfiya kuma ta sauko zuwa kimanin 2 ga batir mai 100Ah. Auna bolt nan take bayan cire caja yaudara ne, zai nuna sama da 13 ko da bai cika ba. Bar shi ya huta 'yan awanni babu komai a jone. Mai ruwa idan ya nuna 12.6 zuwa 12.7 ya cika, AGM yakan ɗan ɗara zuwa 12.8. Idan ka ga 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, nan ne iyakarka, 12.0 saura kwata. Cikakken batir da ya huta ya nuna wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu cajin da zai tashe shi.

Game da sola, kada ka taɓa jona fanel kai tsaye da batir, sai ta kwantirola. Mai arahar, PWM, tana aiki da ƙananan fanel masu ba da wajen bolt 18. Idan babban fanel irin na rufin gida ka samu, mai bolt 30 zuwa 40, sai MPPT, in ba haka ba rabin ƙarfinsa ko fiye zai tafi a banza. Ka jona batir da kwantirola tukuna, sannan fanel. A janareta kuma, 'yar kafar nan ta bolt 12 da ke jikinsa ba ta san batir ya cika ba, gara ka jona cajarka a soket ɗin wutar gida.

Masu cajin batir na bakin kasuwa suna rufa asiri, amma yawancin na'urorinsu taransifoma ce zalla, tana tura wuta har sai an cire. Mai ruwa yana iya jurewa in ana duba ruwansa. AGM da jel da litiyom kada ka kai su can.

Litiyom yana da nasa ladubban. Bolt ɗinsa kusan a tsaye yake, wajen 13.2 zuwa 13.3, tun yana kusan cike har ya kusa ƙarewa, don haka mita ba za ta gaya maka saura nawa ba. Sai ka sa masa na'urar ƙirga amfiya mai shiga da mai fita, ko ka sayi wanda ake dubawa ta waya. Kada ka jona shi kai tsaye da wutar injin jirgi, domin idan BMS ta yanke caji ba zato, raktifaya tana iya ƙonewa. Akwai cajar da ake sawa tsakani, wadda aka rubuta DC-DC a jikinta, ita ce maganin wannan. Ba ya buƙatar a riƙe shi a kan caja bayan ya cika.

Ruwa, tsafta da ajiya

Wannan na mai ruwa ne. A lokacin zafi ka buɗe murafu duk mako biyu. Abin da yake ƙonewa ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan, saboda haka tataccen ruwan nan na distil kaɗai za ka ƙara. Ban da ruwan kogi, ban da na rijiya, ban da fiya wata, don gishirin da ke cikinsu yana ɓata faranti. Ban da ƙarin asid kuma. Idan faranti sun fito fili, zuba ɗan abin da zai rufe su kafin caji, sauran sai bayan ya cika, tunda ruwan yana tasowa lokacin caji. Zubar da tsohon ruwa a ɗura sabon asid, wanda wasu suke kira farfaɗo da batir, ba ya mayar da farantin da ya marmashe. Zai yi kamar ya tashi na 'yan kwanaki ne kawai.

In kana da haidiromita, wato 'yar roba mai tsotso ruwan batir ta auna kaurinsa, ta fi mita faɗin gaskiya. Cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.265, wasu baturan tubula ƙasa da haka kaɗan. Abin lura shi ne bambanci tsakanin ɗakuna. Idan ya wuce 0.030, batirin yana son cajin daidaitawa, wato a ɗaga bolt zuwa wajen 15.5 na awa ɗaya ko biyu bayan ya cika, ruwansa ya tafasa ya gauraye. A cire duk kayan da ke jone, a yi a fili inda iska take kaɗawa, a duba ruwa bayan an gama. Mai ruwa kaɗai ake yi wa wannan.

Farin gari ko koren da ke taruwa a kawunan batir, jiƙa 'yar kanwa a ruwa ka goge da tsohon buroshi, kanwa tana kashe asid. Ka dai tabbata murafu a rufe suke, ko ɗigo kada ya shiga ciki. Ɗauraye, ka tsane, ka sake shafa bazilin. Idan asid ya fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsafta minti 15, a wuce asibiti.

Lokacin da ruwa ya janye ko aka jingine jirgi, cika batirin dalma tukuna, cire baƙar waya, ajiye shi a ɗaki mai sanyi, ka sake cika shi duk wata, domin yana zubar da wuta da kansa, musamman a zafi. Litiyom kuwa a wajen rabi ake ajiye shi.

Ranar da ya gama aiki, kada ya shiga kogi, kada kuma a fasa shi a gida don ciro dalmar yin nauyin taru. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma dalmar cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Masu sayar da batir da yawa suna karɓar tsoho su rage maka kuɗin sabo, ka kai musu shi a tsaye da ruwansa a ciki. Na litiyom ka naɗe kawunansa da salatif, ka gaya wa mai karɓa irinsa, don kada a jefa shi cikin na dalma a sare shi da gatari.